Tsakanin Barnamaji da Dila

Malaman fiƙihu na mazhabar Imamu Malik, Allah ya jiƙansu, sun yi magana a babin ciniki a kan wata mas'ala wadda duk wanda ya taɓa durƙusawa gaban malami a zaurukan Zazzau yana biya Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani ya ratsa ta kanta, ko da tsawon zamani ya mantar da shi: ita ce mas'alar sayen tufafin da ke cikin dila ba tare da an kwance ta ba, bisa dogaro da takardar da fatake suka rubuta adadin abin da ke ciki da irinsa da siffarsa. Sunan wannan takarda barnamaji. Sun halatta cinikin domin sauƙaƙa wa mutane, saboda wahalar da ke cikin kwance kowace dila da sake ɗaure ta, amma sun gindaya sharaɗin cewa siffar ta zama sananniya, kuma idan aka buɗe aka tarar kaya sun saɓa wa rubutu, to mai saye yana da ikon mayarwa. Larabawan wannan zamani, da suka nemi sunan da za su raɗa wa manhajar kwamfuta, wannan tsohuwar kalma suka ɗauko, kuma a ganina sun dace, domin abin da ya sami wani ɗan ƙanena bara ya tabbatar mini cewa taka-tsantsan ɗin da malamai suka haɗa da barnamajin fatake yana nan daram a kan barnamajin injiniyoyi.

Yaron yana zaune a wani ɗakin haya a Bomo, kamar ɗalibai da yawa waɗanda kuɗin ɗaki a tsakiyar Samaru ya fi ƙarfin aljihunsu, yana karatun injiniyan lantarki, ya kuma kai shekarar ƙarshe wadda a cikinta ake bukatar kowane ɗalibi ya ƙera wani abu da hannunsa. Da yake duk kaka yana ganin matan gidan sun baje masara a tabarma suna tsince ruɓaɓɓiya da wadda ƙwaro ya huda, ƙwaya bayan ƙwaya, har wuya ya ƙage, sai ya ƙudurta ƙera na'urar da za ta riƙa kallon hatsi da idon kamara yayin da yake zuba, ta hure marar kyau gefe guda da iska. Ya shafe wata huɗu yana zane a kwamfuta, kome yana tafiya daidai a fuskar gilashi, har ranar da ya zo gidana a Sabon Gari bayan la'asar, ya gaishe ni, ya nemi wuri ya zauna ya yi jugum. Da na matsa masa sai ya ce, "Baffa, abin da na gina aikin a kansa, babu shi." Na ce, "To, ɗana, ina ka samo shi tun farko?" Ya ce, "Na'ura ce ta ce mini akwai."

Wajibi ne in tsaya in yi bayani ga wanda ba wannan ce sana'arsa ba. Duk wanda ya taɓa leƙa cikin rediyo ko wayar hannu a teburin masu gyara na unguwar PZ a Zariya ya ga waɗansu 'yan baƙaƙen abubuwa manne a jikin fanel, waɗanda masu sana'ar ke kira aisi. Galibinsu tamkar littafi ne da ya fito daga maɗaba'a, abin da aka buga a cikinsa ranar da aka ƙera shi, da shi zai zauna har ya ƙone. Amma akwai wani jinsi da ake kira FPGA wanda ya fi kama da allon almajiri, domin yana fitowa daga masana'anta babu rubutu a jikinsa, sai dubban ƙananan ɗakunan lissafi da hanyoyin da ba a riga an ƙulla ba. Injiniya ne zai rubuta yadda wannan ɗaki zai haɗu da wancan, in ya ga kuskure ya wanke ya sake rubutawa, sau ɗari ko sau dubu, allon bai gaji ba. Babbar fa'idarsa ita ce dukan ɗakunan suna aiki a lokaci guda, babu mai jiran wani, shi ya sa ake neman sa a hasumiyoyin sadarwa da injunan ɗaukar hoto na asibiti, da duk aikin da ƙiftawar ido ta yi masa tsawo, irin duban hatsin da ke zuba.

Wani Ba'amurke mai suna Ross Freeman ne ya ƙago shi, shi da abokansa suka kafa kamfanin Xilinx a 1984, suka fitar da na farko mai suna XC2064 a 1985, ɗakunansa 64 kacal, alhali manyan na yau suna ɗauke da miliyoyi. Abokin gasarsu na tsawon shekaru shi ne Altera, wanda Intel ta saya a 2015 kan dala biliyan 16.7, kamar yadda AMD ta kammala sayen Xilinx a 2022. Kasuwa ce da kamfanoni ƙalilan suka riƙe, dukansu a nesa da mu, har ma Xilinx ɗin kanta ba ta mallaki masana'anta ba, kamfanin TSMC na Taiwan ne ke ƙera mata yawancin abin da take sayarwa.

Kowane kamfani yana da manhajarsa ta zane, AMD tana da Vivado wadda ta fito a 2012, Altera tana da Quartus, kuma tambayar farko da manhajar ke yi wa mai aiki ita ce a kan wane aisi zai yi gini. Ana iya amsa mata ta hanyar danna linzami a cikin jerin da ta nuna, ana kuma iya amsa mata da rubutaccen umarni cikin wani harshe da ake kira Tcl, wanda John Ousterhout ya ƙirƙiro a Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley a 1988. A Vivado umarnin neman kayan shi ne get_parts, a Quartus kuwa get_part_list. Idan ka rubuta shi tsura zai zubo maka sunaye ɗaruruwa, idan kuma ka ɗaura masa sharaɗi, ka ce ba ka so sai na dangi kaza, masu ƙafafu kaza, masu ɗakunan da ba su gaza kaza ba, sai ya tace ya miƙo maka 'yan kaɗan da suka cika siffar. Sunayen kansu rubutu ne mai ma'ana ga wanda ya iya karanta shi. Ɗauki xc7a35tcpg236-1, wanda ke kan fanel ɗin koyarwa na Basys 3 da makarantu da yawa a duniya ke amfani da shi: farkon sunan yana nufin dangin Artix na jeri na bakwai, lamba 35 tana nuni ga girmansa, wato ƙananan ɗakuna 33,280, abin da ya biyo baya yana faɗin irin rigar da aka sa shi ciki mai ƙafafu 236, ɗayan nan ta ƙarshe kuwa darajar saurinsa ce. Barnamaji ke nan cikakke, da adadi da iri da siffa.

Ina cikin masu ganin cewa koyar da wannan umarni ga ɗalibanmu ya fi ƙarfin mustahabbi, kuma ba zan ɓoye dalilina ba. Abin da aka zaɓa da danna linzami ya wuce ba shi da shaida, tamkar bashin da aka ƙulla ba marubuci ba mai gani, bayan wata uku shi kansa mai dannawar ba zai iya faɗin abin da ya zaɓa da abin da ya bari ba. Rubutaccen umarni kuwa yana nan a fayil, malami zai karanta ya ga inda ɗalibi ya zame, ɗalibin baɗi zai ɗauka ya maimaita ya sami abin da na bana ya samu, ilimi ya zama yana da isnadi maimakon kowa ya fara daga farko. A ƙasar da wuta ke ɗaukewa a tsakiyar aiki, kwamfuta ta mutu saura mako biyu a kare aiki gaban malamai, ko ɓarawo ya fizge jaka a hanyar Kwangila, fayil ɗin umarni mai layi ashirin da yaro ya aika wa kansa a waya ya isa ya sake tayar da aikin gaba ɗaya a kwamfutar aro. Wanda ya san halin da muke ciki ba zai raina wannan ba. Ɗan ƙanen nawa ya koyi wannan da kyau, kuma na yaba masa.

Inda ya zame shi ne a fahimtar kalmar "akwai" a bakin na'ura. Umarnin get_parts ba ya leƙa kasuwa, ba ya leƙa sito, ba ya ma leƙa intanet. Abin da kawai yake karantowa shi ne sunayen dangogin da aka saka a wannan kwamfutar ranar da aka ɗora mata manhajar. Manhajar kuwa nauyinta gigabait gommai ne, saboda haka ɗalibin da ke sayen data da kuɗin abincinsa yakan tsame dangogi da yawa don rage nauyi, sai jerinsa ya bambanta da na abokinsa da ke kujerar kusa, kowa kuma yana rantsuwa nasa ne daidai. Sannan manhajar da ake bayarwa kyauta ba ta ƙunshi dukan kayan ba, manyan sai da lasisi na kuɗi. Abin da ya fi waɗannan damun mai koyo a ƙasashe irin namu shi ne batun tsofaffin kaya: dangin Spartan-6, wanda ya fito a 2009 kuma aka ƙera fanel-fanel na koyarwa masu yawa da shi, Vivado ba ta san shi ba sam, sai an koma ga tsohuwar manhaja mai suna ISE wadda fitowarta ta ƙarshe, 14.7, tun 2013 ce. Ta haka na'ura za ta iya ce maka babu a kan abin da ke kwance lafiya lau a kabad ɗin ɗakin gwaji, ta kuma ce maka akwai a kan abin da ke bayan tekuna biyu. Ba ƙarya ta yi ba, kuma laifin ba na wanda ya rubuta ta ba ne. Tambayar da aka yi mata ita ta amsa, mu ne muka ɗora wa amsar abin da ba ta ɗauka ba.

Daga nan sai a zo ga dila. Kasuwannin kayan lantarki namu, daga Sabon Garin Zariya zuwa Farm Centre ta Kano, har Alaba da Computer Village na Legas, an gina su ne a kan gyara, abin da ke yawan lalacewa a waya da talabijin da inbata shi ɗan kasuwa ke sarowa, kuma yana da hujja, domin babu mai ajiye kayan da ba a tambaya sai sau ɗaya a shekara. Da wuya ka tarar da FPGA a kan tebur. Sai dai a yi oda daga manyan dillalai na Amurka irin Digi-Key da Mouser, ko daga birnin Shenzhen na Sin, a biya da dala, a biya kuɗin jirgi da na fito, a yi jira. Dalar nan da take wajen naira 460 a farashin hukuma a farkon 2023 ta haura naira 1,500 a farkon 2024, wanda ke nufin kuɗin abin da ɗalibin aji uku ya lissafa zai iya saya ya riɓanya sau uku kafin ya kai aji biyar. Kafin wannan kuma, a shekarun 2021 da 2022, duniya ta shiga ƙarancin aisi, har manyan kamfanonin Turai suna jiran mako 52 kafin odarsu ta iso. In masu ƙera motoci sun yi layi, ina ga yaron da ke son guda ɗaya tak a Bomo? A irin wannan matsi ne algus ke samun ƙofa, domin akwai masu ɓamɓaro tsofaffin aisi daga matattun na'urori, su goge rubutun jikinsu, su buga sabon suna, su sayar da arha, mai saye ba zai gane ba sai ya liƙa ya kunna.

Ko da kayan sun iso lafiya, saura tambayar hannu. Ƙafafu 236 ɗin nan da na ambata ba a gefe suke ba inda bakin ƙarfen dalma zai kai, ɗigo-ɗigon dalma ne a ƙarƙashin wani abu da faɗinsa bai wuce milimita goma ba, tsakanin ɗigo da ɗigo rabin milimita, kuma fanel ɗin da zai karɓe shi sai mai hawa-hawa a ciki, irin wanda akasari waje ake aikawa a bugo. Wanda yaron ya zaɓa ya fi wannan girma da yawan ƙafafu nesa ba kusa ba, ya zaɓe shi ne don ya ga shi ne mafi yalwar ɗakuna a jerin da ya fito masa. A nan ina so in faɗi wani abu da na daɗe ina gani: samarin nan masu gyaran waya a PZ, waɗanda da yawansu ba su taka aji na jami'a ba, kullum suna ɗaga irin wannan aisi da iska mai zafi, su share, su sake jera masa ɗigon dalma, su mayar ya tashi. Ƙwarewar da ɗalibin injiniya ke nema tana nan tafiyar ɗan acaɓa daga ƙofar makarantarsa, kuma babu aibi ga mai digiri ya durƙusa gaban mai ita.

Na san za a yi mini raddi ta fuska biyu. Wasu za su ce aikin jami'a koyar da ƙa'ida ne, in ɗalibi ya nuna zanensa yana aiki a kwaikwayon kwamfuta ya wadatar, kada talaucin kasuwa ya taƙaita masa tunani. Akwai gaskiya a ciki, kuma ban hana kowa zane a kan babban aisi don koyo ba. Amma kwaikwayo ba ya nuna maka wutar da ke rawa, da zafin watan Afrilu, da ƙurar hunturu, da wayar da ta kwance, waɗanda su ne ainihin jarrabawar kowace na'ura a ƙasar nan, kuma injiniyan da bai taɓa ganin zanensa ya ƙi tashi a hannunsa ba yana da sauran rabin karatu. Wasu kuma za su ce me ya kai mu ga FPGA tun farko, alhali ƙaramin Arduino mai arha da ake samu a Kano da Kaduna ya isa kunna famfo da auna zafi. Waɗannan na sallama musu a mafi yawan ayyuka, kuma ɗalibin da ya ɗauko babban kaya don ƙaramin aiki ya yi almubazzaranci. Sai dai akwai ayyukan da ba su yiwuwa sai da shi, kuma ta kansa ake koyon zanen aisi ɗin kansa, ilimin da ƙasar da ba ta da shi za ta dawwama tana saye.

Manoman Bomo sun riga mu sanin darasin bambancin da ke tsakanin barnamaji da dila. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta fitar da irin masara iri-iri masu suna SAMMAZ, da wake SAMPEA, da gyaɗa SAMNUT, kowanne da siffarsa a rubuce. Amma manomi ba ya yin huɗa saboda sunan da ya gani a takarda, sai ya tabbata irin yana cikin buhu a ɗakinsa kafin ruwan farko.

Shawarar da nake bayarwa ba ta bukatar kasafin kuɗi. Kowane sashen koyar da lantarki da kwamfuta ya rubuta barnamajinsa na gida, fayil guda mai ɗauke da sunan kowane aisi da kowane fanel da ke kabad, da adadinsa, da mai aiki da matacce, da manhajar da ta san shi, sannan a ƙara waɗanda aka taɓa yin odarsu suka iso, daga ina, nawa, a wace rana, bayan kwana nawa. Tunda Tcl harshe ne cikakke, layi goma sun isa a rubuta umarnin da zai ɗauki abin da get_parts ta fitar ya gwama da wannan fayil, ya nuna wa ɗalibi abin da jerin biyu suka yi ittifaƙi a kansa kaɗai. Sannan malamin da ke duba aiki kada ya sa hannu a kan shawarar ɗalibi sai ya ga kayan a tafinsa, ko takardar odar da aka biya. Wannan ma fiƙihu ya riga mu, domin daga sharuɗɗan cinikin salam, inda ake karɓar kuɗi yau a kawo kaya gaba, akwai cewa abin ya zama galibi ana samun sa lokacin da ajali ya cika, kuma aikin shekarar ƙarshe alkawari ne mai ajali. Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka buɗe a 1962 ta kuma gaji koyar da injiniya daga tsohuwar Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya da ke nan Zariya, tana da tsufa da girman da in ta fara wannan, ta kuma raba fayil ɗin ga 'yan'uwanta na Kano da Bauci da Sakkwato, sauran za su bi, har ɗalibai goma daga makarantu uku su haɗa oda guda su raba kuɗin jirgi.

Ya kamata kuma a buɗe wa ɗalibai ido a kan ƙananan kaya. Tun 2015 wasu masana, a kan gabansu Claire Wolf ta ƙasar Ostiriya, suka warware sirrin dangin iCE40 na kamfanin Lattice, suka fitar da manhajojin da kowa zai iya ɗauka kyauta ba lasisi, marasa nauyi, waɗanda tsohuwar kwamfuta ke iya ɗauka ba tare da ta yi nishi ba. Daga Sin kuma akwai ƙananan fanel irin Tang Nano 9K, mai aisi na kamfanin Gowin da ɗakuna 8,640, wanda ya zo a liƙe a shirye, tsawonsa kamar na ɗan yatsa.

Irin wannan ne yaron ya samu daga ƙarshe, ta hannun wani ɗan kasuwar da ke sarin kaya daga Sin, bayan mako uku. Dole ta sa ya ajiye kamara ya koma ga ƙaramin ma'aunin launi, ya kuma rage mazurarin ya zama ƙwaya ɗaya ke wucewa a lokaci guda, amma da yake kome a rubuce yake, kusan rabin tsohon zanen ya tashi a sabon gida ba tare da gyara mai yawa ba. Ranar wata Asabar na je Bomo na same shi a tsakar gida da tiya guda ta masara da matar mai gidan ta ara masa, ita da yaranta suna tsaye suna kallo, na'urar tana yin tsaki duk lokacin da baƙar ƙwaya ta gifta, ta kuskure wasu, ta kama mafi yawa. Da ya juyo mini da kwamfutar na ga a layin farko na fayil ɗin, sama da umarnin kansa, ya rubuta sunan aisin, da garin da aka sayo shi, da kuɗinsa da naira, da ranar da ya shigo hannunsa.